Takun Ragon Layya

Ni ba mai yawan fita ba ce. Shekara da shekaru ina gidan nan namu na Sheshe, duk abin da ya gifta lungunmu da kunne nake saninsa. Akuyarmu da ta maƙwabta ma tun daga soro nake bambance takunsu.

Wata shekara, saura kwana uku babbar sallah, maigidana ya shigo da ragon layya, fari ƙosasshe, yana ta washe baki. Ina bakin murhu ina tankaɗe, ban ko ɗago ba. Kofato huɗu a kan siminti kamar luguden mata huɗu ne, kowace taɓarya da lokacinta. To, wannan uku na sauka da ƙarfi, ɗaya tana satar jiki.

Na ce, "Malam, ragon nan ɗingishi yake."

"Ko kallonsa fa ba ki yi ba."

"Ai na ji shi."

Nan take fara'arsa ta ɗauke. Kowa ya san dabbar da gurguntarta ta bayyana ba ta yin layya, wanda ya sayar masa kuwa baƙo ne, tuni ya kama hanyar garinsu. Ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya yana latsawa, bai ga komai ba. Ya ce to wacce ce? Nan kunnena ya gaza. Na san ɗaya ce, ban san wacce ba.

Washegari da hantsi sai ga Goggo, ƙanwar mahaifinsa, daga Kabuga. Ita cikin shanu ta tashi kafin zama ya kawo su birni. Ta sha ruwa, ta ji ƙararmu, ta gyara zama a tabarma.

"Kai, jawo shi nan. A hankali, ba tsere ake ba. Ku bar kallon ƙafa, ku kalli kai."

Ashe kuwa kan nasa hawa yake yana sauka.

Ta ce, "Kai da ƙaho kaya ne. In ƙafar gaba mai ciwo za ta taka, sai ya ɗaga kai, nauyi ya koma baya, ta samu sauƙi. In lafiyayyar ta taka, sai ya sake shi. Ke, in kin ɗauko bokitin ruwa a dama, ina kike karkata?"

"Hagu, Goggo."

"To shi ma ba sakarai ba ne."

Muka raba aiki. Na rufe ido, duk sanda na ji takun nan mara nauyi sai in tafa, ita kuma tana bin kai da ido. Zagaye biyu Malam ya yi da shi a tsakar gida ta ce, "Ta gaba, hagu."

Aka kayar da ragon, ta kankare busasshen taɓon da ya cike tsagar kofaton. Can ciki ta zaro ɗan guntun tsinken tsire. Ta ɗaga shi sama tana kallo.

"Bawan Allah, tun da ranka tsinke ya riga ya same ka."

Har Malam sai da ya yi dariya. Muka gasa wurin da ruwan ɗumi da gishiri, safe da yamma.

Ranar sallah da ya dawo daga idi, bai nemi wuƙa ba sai da ya kwance ragon ya zaga da shi a kan siminti. Ba ragon yake kallo ba, ni yake kallo.

"Yaya kika ji?"

Na ce ya ƙara zagaye ɗaya, don kawai in ja masa rai. Sannan na ce, "Lugude ya daidaita, Malam. Bisimilla."