Kwalbar da Ban Iya Karantawa Ba

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Shekara ashirin da ɗoriya ina riƙe da maganar nan a cikina. Da girmana na koyi rubutu, ku yi haƙuri da ni.

Na haifi 'yata Ummi a gida, a unguwar Gyadi-Gyadi, shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki. Gari ana ta murna, ni ina zaune ina duban idon jaririya.

Kwana uku da haihuwa idanunta suka kumbura, suka liƙe. In na goge kwantsa, kafin in wanke tsumman wata ta taru.

Inna, uwar mijina, ta ce, "Tatsa mata nono, haka na yi wa ubanta." Na tatsa. Aka sa tozali. Ranar suna ba wanda ya ga ƙwayar idonta.

Washegari na kai ta asibiti. Likita ya ɗebi ruwan idon a auduga don gwaji, aka yi mata allura. Nas ta wanke idon, ta ɗiga wani magani ja mai duhu, ta ce aidin ne na ido, an sirka shi. "Kullum da safe ki kawo ta, Maman Ummi. Kada ki sa komai da kanki."

Kwana biyu ina kai ta, kumburi ya fara sacewa.

Rana ta uku ruwan sama ya hana fita. Babanta direba ne, yana kan hanya, ya bar kwalbar aidin da yake shafa wa rauni a kan taga. Launinsu ɗaya. Akwai rubutu a jiki, na juya, na sake juyawa, kamar sawun kaji. Na ce ai shi ne.

Na ɗiga mata a idon hagu.

Kukan da ta tsala har yau yana kunnena. Shi ya hana ni taɓa na dama.

Na ruga da ita asibiti cikin ruwan. Likita ya karɓi kwalbar ya ce, "Baiwar Allah, wannan na fata ne, ƙona ido yake. Ga shi an rubuta." Na ce ban iya karatu ba. Ya sa aka kwantar da mu.

Sati uku muka yi a kwance. Na dama ya warke sarai. Na hagu ya yi fari fat, bai ƙara gani ba.

Na ce wa kowa ciwon ne ya cinye idon. Babanta ya rasu a kan haka ya sani. Na shiga makarantar yaƙi da jahilci, in an tambaye ni dalili in ce sha'awa ce.

Makon jiya Ummi ta haihu a wani asibiti a Tarauni. Nas ta ɗauko jan maganin nan za ta ɗiga wa jikata, don rigakafi. Ban san sa'ad da na damƙe hannunta ba.

"Hajiya, lafiya?"

"Ba ni in karanta."

Na bi rubutun harafi harafi. Na ido ne.

Ummi ta yi dariya daga kan gado. "Umma likita! Sakar mata hannu ta yi aikinta, mai ido ɗaya ta ishe mu a gidan nan."

Kowa ya yi dariya. Ni na fita waje.

Na gode wa Allah da ya bar mata ɗaya, na gode wa ma'aikatan da ba su tona ni ba. Mata, in idon jariri ya kumbura, asibiti a ranar. Aidin na ido a hannun ma'aikata yake. Abin da ba ki karanta ba, kada ya kusanci idon ɗanki.

Ummi, na san kina karantawa, da idon da kukanki ya ceta. Bakina ya kasa, shi ya sa na rubuta. Ba ciwo ba ne. Ni ce.