Rahab da 'Yan Biyunta a Shagon Gyaran Inji

A Ƙarfi aka haifi Rahab, ita ce ta huɗu a gidan wani manomi mai jan waƙa a coci ranar Lahadi. Ta yi firamare a ƙauyen, ta yi sakandare a Malumfashi, daga nan ta shiga makarantar koyon aikin lafiya. Shekara uku tana zaune da takardarta, tana taya wani mai kemis sayar da magani a Funtua, kafin a ɗauke ta aikin gwamnati. Aka tura ta wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye gaba da Kafur. Su uku ne ma'aikata a wurin: ita, da wata ungozoma da ta kusa ritaya, da Malam Kabiru mai shugabancin asibitin. Awon ciki, allurar rigakafi, wankin ciwo, duk da ita ake yi.

Mijinta Mark makanike ne, amma ba na mota ba. Injin ban ruwa yake gyarawa, da na niƙa, da na feshi. Yana da ɗan shago na langa-langa a bakin titi a Malumfashi, sai dai ba ya cika zama a ciki. Da rani masu noman tumatir da albasa ba sa jira. In inji ya tsaya da safe, suna so ya tashi kafin azahar, sai su kira shi ya hau babur ya same su a fadama. Daga wannan zirga-zirga ta rani abincin gidan yake fitowa.

Suna hayar ciki da falo a Malumfashi, a gidan wata Bayarabiya, Modupe, wadda kowa ke kira Maman Ope. A Funtua aka haife ta, tana jin Hausa kamar jakin Kano, tana kuma sayar da kayan roba a kasuwa.

A shekara ta uku da auren Rahab ta haifi tagwaye, mace da namiji, aka sa musu Tabita da Saviour. Tsakiyar damina ce, a shekarar da kuɗin man fetur ya tashi. Ta sami hutun haihuwa, ta haɗa da hutunta na shekara, duka suka kai ta wata huɗu. Tun da watan ƙarshe ya kama ta fara neman inda za ta riƙa barin yaran.

Ta fara da wata makarantar kuɗi da ke da ɗakin rainon jarirai. Ɗakin tsaf yake, da katifu da fanka. Matar da ke kula da wurin ta faɗa mata abin da ake biya wa kowane yaro, ta ce tagwaye ba su da rangwame, kuma uwa ce za ta kawo madara da famfas da ruwan sha. Ƙarfe biyu suke tashi. Rahab kuwa sai ƙarfe huɗu take barin asibiti, ga hanya. Ta yi godiya ta fito. Ko da ta haɗa wannan da kuɗin motar zuwa Kafur da na babur zuwa ƙauyen, ta ga abin da zai rage a albashinta bai taka kara ya karya ba.

Ta je Ƙarfi wurin mahaifiyarta. Ta same ta tana ɓarar masara, ƙafarta ɗaya a miƙe saboda ciwon gwiwa, ga jikoki uku, 'ya'yan yayan Rahab, a hannunta. Tsohuwar ba ta ce a'a ba. Ta ce a kawo su, Allah zai rufa asiri. Rahab ta dubi yadda ta dafa bango kafin ta miƙe, ba ta sake tayar da maganar ba.

Wata gwaggonta ta ce ai abin mai sauƙi ne, a samo yarinya daga ƙauye ta yi raino, ci da sutura kawai za a ba ta. Rahab ta ƙi. Ita kanta tana 'yar shekara tara aka kai ta Zariya rainon ɗan wata 'yar uwa, ta yi shekara biyu ba ta shiga aji ba, ta dawo ƙannenta sun kamo ta. Ba ta yi wa gwaggon wannan bayani ba. Ta ce dai ɗakinsu ba zai ɗauki ƙarin mutum ba.

Mark ya ce ta ajiye aikin zuwa shekara biyu, in yaran sun yi wayo ta nemi wani. Ta ce masa, “Baban biyu, shekara uku na yi kafin in same shi. In na sake shi, wa zai mayar mini?” Bai ja maganar ba.

Ranar da ta koma aiki, da yaran ta tafi. Ta goya Saviour, ta rungume Tabita, ta biya kuɗin kujera biyu a mota don jaka ta sami wuri. Malam Kabiru ya dube su, ya ce a gaskiya doka ba ta yarda ba, amma akwai ɗakin ajiya da ba a amfani da shi. Aka share, aka shimfiɗa tabarma. Tana yi wa mata awo tana kasa kunne. Ungozomar kan ɗauki ɗaya in ya yi kuka, matan da ke jiran layi su ɗauki ɗayan. Haka aka yi wata biyu.

A watan Janairu ƙyanda ta ɓulla a ƙauyukan da ke kewaye. Yara biyar aka kawo a rana ɗaya, idanu jajur, jiki duk ƙuraje. Tagwayen wata shida suke, lokacin rigakafinsu na ƙyanda bai yi ba. Malam Kabiru ya kira ta gefe ya ce, “Malama Rahab, ke ma kin san abin da zan faɗa. Gobe kada ki zo da su.” Ta ce ta sani. A ranar ma ba ta jira tashi ba, ta kwashe su ta wuce gida.

Washegari da safe Mark ya ɗauki katako huɗu da tsohon gidan sauro ya tafi shago. Kafin hantsi ya haɗa wani abu kamar akwati babba, ya shimfiɗa katifa a ciki, ya ajiye shi a kusurwar da ta fi nisa da man inji. Ya dawo ya ce a ba shi yaran. Rahab ta dama kunun gero da garin waken suya ta zuba a fulas, ta nuna masa yawan da zai ba kowa da yadda zai wanke cokali. Ta shayar da su, ta tafi ta kama mota.

Satin farko mutane suka yi ta tsayawa kallo. Masu acaɓa da ke hutawa a gindin bishiyar da ke gaban shagon suka laƙa masa suna Mai Raino. Wani dattijo daga cocinsu ya zo takanas ya ce masa namiji ba ya zama da jarirai mace tana yawo, ya kamata ya tsaya a kan gidansa. Mark ya saurare shi har ya gama, ya ce ya gode, sannan ya roƙe shi ya riƙe masa Tabita ya ɗaure wani noti. Dattijon ya riƙe.

Abin da ya fi surutun mutane nauyi shi ne aikin fadama. Ba zai iya hawa babur da yara biyu ba, ba zai kuma iya barinsu ba. In an kira shi sai ya ce a kawo injin shago. Wasu suka kawo. Da yawa suka nemi wani makanike. Alhaji Mannir, wanda ke da injina shida kuma ya shekara bakwai ba ya kiran kowa sai Mark, ya kira sau biyu, na ukun bai kira ba. Tayar da inji don gwaji ma sai da ya zama matsala, saboda ƙara da hayaƙi. Sai ya ja shi can bayan shago, ya tayar, ya dawo da gudu ya leƙa akwatin.

Maman Ope ce ta rage masa. Ba wanda ya roƙe ta. Wata rana ta biyo ta gaban shagon ta ga Saviour na kuka, hannun Mark baƙi ƙirin da man inji, yana neman sabulu. Ta ɗauki yaron ta goya. Daga ranar, in ba ranar kasuwa ba ce, takan zo da azahar ta tafi da su rumfarta har la'asar. Rahab ta kai mata kuɗi a ƙarshen wata, ta mayar mata. Ta ce, “Ƙanwata, in kina son biyana, ki riƙa auna mini jinina, na gaji da layin asibiti.” Rahab ta riƙa auna ta duk ranar Asabar, ta kuma hana ta yawan gishiri, abin da Maman Ope ba ta ji daɗinsa ba.

Ranin nan abin da Mark ya samu bai kai rabin na bara ba. Ba su sayi taki ba, don haka gonarsu ta Ƙarfi ƙanensa ya noma ta a daminar da ta biyo. Nama ya koma na Lahadi kawai. Akwai watannin da su biyun suka san cewa da Rahab ta zauna a gida shi ya fita, da sun fi samun sauƙi. Sun yi faɗa a kan haka sau ɗaya, ranar da Tabita ta yi gudawa saboda fulas ɗin kunu ya yini a rana. Ya ce ita ce ma'aikaciyar lafiya, ga 'yarta kwance. Ta ce shi ta bar wa amana. Suka kwana biyu ba sa magana sai ta dole. Yarinyar ta warke, Rahab ta koma aiki ranar Litinin.

Ta rubuta takardar neman a dawo da ita kusa da gida har sau uku. Ta ukun ce ta yi aiki, bayan shekara ɗaya da rabi, lokacin da wata ma'aikaciya a cikin Malumfashi ta so komawa kusa da garin mijinta, suka yi musanya. Yanzu da ƙafa take zuwa aiki, minti ashirin.

Tagwayen sun shiga shekara ta uku, suna zuwa ajin yara na makarantar cocinsu da safe. Mark ya koma fita fadama, sai dai ba kamar da ba. Wasu manoman sun saba kawo masa inji har shago, ya kuma fara ajiye kayan gyara yana sayarwa. Alhaji Mannir bai dawo ba.

Kwanan baya aka kawo wata sabuwar ma'aikaciya asibitinsu, 'yar Maska, da ciki wata bakwai. Ta tambayi Rahab yadda ake yi da jariri in hutun haihuwa ya ƙare. Rahab ta tambaye ta sana'ar mijinta, ta ce direban tirela ne, yakan yi sati uku bai dawo ba. Ta tambaye ta ko uwarta na da rai, ta ce ta rasu. Rahab ta ce su gama da matan da ke layi tukuna, in an tashi su zauna su duba yadda za a yi.