Wanda Ya Kashe Wutar Rocheval

Shekara talatin da ɗaya Régis Collignon ya yi yana tsaron tanderu a masana'antar zubin ƙarfe ta Rocheval, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa matsa masa kujera a shagon giya ba. Ba ƙinsa ake yi ba, mantawa ake yi yana wurin. Toka ake ce masa, don furfura ta fito masa tun yana saurayi. Ubansa a wannan masana'anta ya bar yatsu biyu da rabin huhu. Shi kuma ya yi aure sau ɗaya, matar ta daure shekara shida, sannan ta bi wani direba zuwa Reims, ta bar masa kyanwa da takarda a manne jikin firji.

Danginsa duka su ne ƙanwarsa Mireille, mai shagon kofi da giya daura da ƙofar masana'anta, da mijinta Fabien Warnier, wakilin ƙungiyar ƙwadago, ƙato mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Kowace Lahadi a gidansu Régis yake cin abincin rana.

"Toka, in kana da rai miƙo gishirin nan," Fabien kan ce.

"Ka ƙyale mini Yaya ya ci abinci," in ji Mireille, ba tare da ta ɗago kai ba.

Régis sai ya miƙa gishirin. Abin da yake ji a ransa kuwa, ko shi bai taɓa zama ya duba ba.

Da sanyin shekarar 2009 ya shigo, mutane suka daina sayen motoci, masu ƙera motoci suka daina sayen faifan birki, Rocheval kuwa faifan birki take ci take sha. Aka fara da rage kwanakin aiki. Mahauci ya rufe. Mai gidan burodi ya koma sayar da na jiya, ana layi a kansa. A shagon Mireille ƙarti uku sukan wuni a kan kwalba ɗaya, kowa yana kallon tebur. Sai ga takarda daga Paris: an rufe, mutum ɗari uku da sha biyu su nemi inda za su nufa.

Ran nan garin ya haukace. Suka tare manaja a bakin ƙofa, suka finciko shi daga mota, wani ya fasa masa baki da hular kwano, suka tura motar cikin kogin Meuse suna waƙa. Wani direban babbar mota da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya zo ɗaukar kaya, suka karya masa hannu da sandar ƙarfe. Kafin azahar an jibge tayoyi da katakai a ƙofa an cinna wuta. Ba mai shiga, ba mai fita.

Sai mutum ɗaya. Tun zamanin kakanni dokar yajin aiki ce a wannan kwari: komai zafin rigima, ba a taɓa mai tanderu. Narkakken ƙarfe tan arba'in ne a cikinta. In wuta ta mutu ƙarfen zai daskare ya zama dutse, tanderun ta tashi daga aiki har abada. Su uku ne masu tsaronta, amma ɗaya yana kwance asibiti, ɗaya ya tsallaka iyaka neman aiki. Saura Régis. Ya kai gadon tafi-da-gidanka ya ajiye kusa da ita, yana fitowa safe da yamma ya karɓi abinci.

Fabien ya hau kan ganga ya yi wa jama'a albishir: akwai wani attajiri a Belgium da yake son sayen masana'antar, sharaɗinsa ɗaya, ya tarar da tanderu da ranta. Kamfani ya ce duk wanda ya sa hannu a takardar barin aiki kafin ƙarshen wata za a ba shi kuɗin sallama. Fabien ya ce duk wanda ya sa hannu ya sayar da 'yan'uwansa. Didier Pierquin, mai 'ya'ya huɗu, ya sa hannu a ɓoye. Suka ritsa shi a wurin ajiye motoci na babban kanti, suka tattaka shi a gaban matarsa har haƙora uku suka zube a kwalta, da yamma kuma suka rubuta masa "maci amana" da jan fenti a ƙofar gida. Daga shi ba wanda ya ƙara.

Ranar tara ga yajin, Régis ya shiga ɗakin samfura neman safar hannu. Nan ake ajiye sifofin katako da na ƙarfe da ake dannawa cikin yashi a fitar da siffar duk abin da za a zuba, aikin shekara sittin. Ya tarar da kantoci wayam, sai ƙura da shatin inda kaya suka zauna. Ya je ya sami injiniya Lambin, wanda ake bari ya shigo ta ƙofar baya duba mitoci.

"Yallaɓai, ina samfuran?"

"Sun yi gabas tun kafin Kirsimeti."

"To mai sayen, me zai saya?"

Lambin ya dube shi ta saman tabarau. "Wane mai saye, Collignon?"

"Wutar fa? Don me kuke biyan lantarkinta?"

"Ta fi 'yan sanda araha. Muddin ma'aikata suna jin kukanta, suna bakin ƙofa suna jira, ba za su shigo su farfasa mana injina ba. Injinan an riga an yi cinikinsu." Ya rufe littafinsa. "Kai dai yi aikinka. Ka iya shi, kowa ya shaida."

Régis ya nufi ƙofa da maganar a bakinsa, har ya shirya yadda zai fara. Da ya fito sai taron ya dare gida biyu, kamar yadda yake yi kullum tun da aka fara yajin. Dattawa suka cire huluna. Wata mata ta tura masa kwanon dankali da nama mai zafi. Fabien da kansa ya taho da kofi, riƙe da hannu biyu.

"Yaya Régis, ya take?"

Yaya Régis. Shekara ashirin da biyu da auren ƙanwarsa, sai a makon nan ya fara jin sunansa a wannan bakin.

"Tana raye," ya ce.

Aka yi tafi. Wani ya rungume shi.

Daga baya ya riƙa gaya wa kansa tausayi ne ya hana shi magana: wa zai dubi mutum ɗari uku ya yanke musu igiyar da suke rataye da ita? Ya gaya wa kansa wataƙila Lambin ƙarya yake. Amma mutum yana iya ruɗin kowa ban da cikinsa. Ya lura ya fara aske gemu kafin ya fito. Ya lura yana rage sauri in ya zo tsakiyar taron, don hanyar ta yi tsawo. Masifar da ta durƙusar da garin kaf, shi ta ɗaga shi, kuma daɗin abin ya fi ƙarfin kunyarsa. Gobe zan faɗa, yake cewa. Goben ta yi ta haihuwar wata goben har kwana goma sha tara.

A cikin kwanakin nan ne Mireille ta ja shi bayan kantar shagonta.

"Yaya, ƙawata ta samo mini aiki a wani gidan abinci a Charleville, amma sai in ba da amsa jibi. Kai ne a ciki, kai kake gani. Tsakaninka da Allah, in tafi ko in jira?"

Ya dubi hannunta da ke goge kofin da ya riga ya bushe. In ya ce ta tafi, za ta tambayi dalili.

"Ki jira," ya ce.

Ƙarshen wata ya zo ya wuce, kuɗin sallama ya bi ruwa. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, motocin 'yan sandan kwantar da tarzoma suka gangaro kwarin, manyan tirelolin kwasar injina na biye da su. Ma'aikata suka ɗauka an zo kashe tanderu ne. Suka tarbe su da kusoshi da guntayen ƙarfe a majajjawa, da kwalaben fetur. Barkonon tsohuwa ya turnuƙe titi. Wani ɗan sanda ya faɗi, mutum biyar suka rufe shi da duka har garkuwarsa ta tsage. Kulki ya fasa kan wani dattijo, jini ya wanke masa fuska yana ta lalube. Mireille ta fito daga shago da bokitin ruwa da tsummoki don masu hawaye. Ba ta kai tsakiyar titi ba harsashin roba ya same ta a idon hagu. Régis yana kan benen tanderu, ta taga ya ga bokitin yana gangarawa shi kaɗai.

'Yan sanda suka ja da baya a ranar. Washegari ya je asibiti. Rabin fuskarta a naɗe, ɗaya rabin ya kumbura ya yi baƙi.

"Wa ka bar wa wutar?" ta ce.

"Za ta yi awa biyu babu ni."

"Koma, Yaya. Kar idona ya tafi a banza."

Ya koma. Ya hau benen, ya tsaya gaban allon lantarki, ya kama babban makunnin da ko a mafarki bai taɓa taɓawa ba, ya ja shi ƙasa. Kukan tanderu, wannan gurnani da duk ɗan Rocheval ya tashi da shi a kunne har ya daina jinsa, ya ɗauke. Shirun ya isa ƙofa kafin shi.

Wannan karon taron bai dare ba. Dokar kakanni mai tsaron wuta take karewa, ba wanda ya kashe ta ba, kuma ya san haka. Ya tsaya gabansu, ya buɗe baki.

"Ku saurare ni. Babu wani mai..."

Fabien ne ya fara, kuma bakin ya nufa. Sandar ƙarfe ta sauka a muƙamuƙinsa, ya ji ƙarar a cikin kansa kamar an taka busasshen reshe. Ya faɗi. Fabien ya danne masa ƙirji da gwiwa, ya shaƙe shi, ya sunkuyo har leɓensa yana taɓa kunnensa.

"Yi mini shiru, Toka. Kana tsammani kai kaɗai ke da ido a garin nan?"

Sannan ya miƙe ya yi wa jama'a ihu cewa an saye shi, ya matsa gefe. Takalman aiki masu bakin ƙarfe suka sauka a haƙarƙarinsa, da bayansa, da kansa. Har matar nan mai kwanon dankali sai da ta tofa masa yawu. Yana kwance yana haɗiyar jini, abin da ya tsaya masa a rai ba zafin ba ne. Ashe su biyu ne. Shi yana ciki yana kiwon wuta, Fabien yana kan ganga yana kiwon jama'a, kowanne ya san ranar da gaskiya ta fito zai koma abin da yake a da.

Mako shida bakinsa yana ɗaure da waya, yana shan miya ta tsinke. Kunnen dama bai ƙara ji ba. Kafin a kwance wayar labari ya riga ya zauna: attajirin Belgium yana kan hanya, saura kwana biyu, Toka ya karɓi na goro ya kashe tanderu. Labarin ya yi wa kowa daidai. Mutanen Paris sun yi nisa, ba a san fuskarsu ba, Toka kuwa ga gidansa nan a layin coci.

Da bakin ya buɗe, kalma shida ta ishe shi ya wanke kansa: babu mai saye, samfura sun tafi. Lambin yana raye, kantocin suna nan wayam. Amma ya san tambayar da za ta biyo baya, ya kuma san wadda za ta yi ta. Tun yaushe ka sani, Yaya? Za ta lissafa kwanakin da idonta ɗaya, ta iso ranar da ta ja shi bayan kantar shago. Gara ta ɗauke shi wanda aka saya a rana ɗaya da ta san shi wanda ya ce ta jira. Ya zaɓi shiru, aikin da ya fi iyawa.

An yanka tanderun da wutar walda an sayar a matsayin tsohon ƙarfe. Fabien ya sami tebur a ofishin ƙungiya. Shagon Mireille ya rufe, tana goge-goge a gidan tsofaffi. Ran Lahadi takan ajiye masa kwanon abinci a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa sau biyu, ta juya kafin ya buɗe.

Régis yana nan a Rocheval, ya ƙi tashi. Kowace safiya yakan aske gemu, ya sa rigar sanyi, ya gangara gidan burodi. Tsofaffin abokan aikinsa suna tsaye a layi, hannu cikin aljihu. In suka hango shi sai hira ta mutu, layin ya dare gida biyu, ba mai son kafaɗarsa ta goge shi. Shi kuma in ya zo tsakiya, har yau yakan ɗan rage sauri.