Golan da na ƙwace a aji biyar

Shekarar da aka tura ni koyarwa wata firamare a bayan Roni, na tafi ne da niyyar gyara duniya. Ina da sabuwar takardar shaida, da tsohon babur da nake turowa daga Kazaure kullum, da fuskar da na yi mako guda ina koyon ɗaure ta a madubi. Na zaci da jahilci zan fara yaƙi. Ashe kati ne ke jirana.

A lokacin akwai wani cingam da ake sako katin 'yan ƙwallo a cikin takardarsa. Gaba hoton ɗan wasa, baya lambobi huɗu: gudu, bugu, yanka da tsaro. Yara suna tarawa, suna musaya, suna cin na juna. Kowa zai riƙe goma, ya zaɓi ɗaya ya kifa a ƙasa. Mai kira ya ambaci ɗaya daga cikin huɗun nan, a buɗe, wanda lambarsa ta fi ya kwashe duka biyun, kira kuma ya zama nasa. Yaron da bakwai sau takwas ke sa shi gumi, sai ka ji ya zano maka lambobin 'yan wasa arba'in ba gargada.

Na shiga ƙwace ba ji ba gani, ina tarawa a gwangwanin madara. Dokar makarantar ita ce duk abin da malami ya ƙwace, ranar hutu ake mayar wa mai shi.

Wata Talata na kama wata yarinya 'yar aji biyar, shiru-shiru, da ke tahowa a ƙafa daga wani ƙauye a hanyar Gwiwa. Kati ɗaya ne tak a tsakiyar littafinta, naɗe cikin farar leda. Mai tsaron gida ne, gola, irin mai ƙyalli da sai an dace ake samu, tsaronsa casa'in da tara.

Ta ce, "Malam, ba wasa nake yi da shi ba. Kallo kawai nake yi."

Na ce, "Kallon ma na hana. Ranar hutu ki zo ki karɓa. Amana ce a hannuna."

Da bakina na faɗi kalmar nan, ba wanda ya roƙe ni.

Akwai malamin lissafi a makarantar, sa'an mahaifina, kowa Baba yake ce masa. Wata rana lokacin tara ya hango gwangwanin a ofis, ya gyara zama ya ce, "Malam ƙarami, kawo mu ga abin da ke hana su karatu. Likita ai ba ya maganin cutar da bai sani ba." Na ga maganar ta ilimi ce. Muka tura ƙofa muka fara bincike. Bincike ne mai zurfi ƙwarai, don ya ci mana mako uku, kuma ba ranar da muka yi fashi.

Ni dai ban iya komai ba sai zumuɗi. Duk katin da na ga babbar lamba a jikinsa shi nake fara jefawa. Ran nan Baba ya matsa mini, ya cinye shida a jere, zuciya ta ɗebe ni na zaro golan daga ledarsa na kifa. Na manta cewa kira a hannunsa yake. Ya dube ni, ya tauna goro, ya ce, "Gudu." Gudun golan talatin da biyu ne. Ko ni da babur ɗina mun fi haka.

Baba ya ɗauki katin ya zura a aljihun gaba, inda yake ajiye goro.

Wanda bai san mu ba zai ce ai sai ka roƙe shi ya ba ka. To, a wurinmu yaro ba ya tsayawa gaban sa'an ubansa ya ce mayar mini. Sai da na yi kwana biyu ina kewaye-kewaye, na gaishe shi, na tambayi iyali da gona, na yabi dawarsa da ban taɓa gani ba, sannan na ce, "Ranka ya daɗe, katin nan kamar na wata yarinya ne."

Ya ce, "Duka ai na yara ne, ɗana. Abin da aka ci a fili, a fili ake karɓarsa."

Na yi dariyar dole. Saura mako biyar hutu.

Dabarata ta farko ita ce in sami wani irinsa. Na dinga sayen cingam a Kazaure ina taunawa har muƙamuƙina ya fara ƙara. Matata ta ga takardu sun cika tsakar gida, ta ce, "Malam, in yaye ne ba a yi maka da kyau ba, ka faɗa a sake." Na tara 'yan baya ashirin da wani abu, gola mai ƙyalli ko ɗaya.

Dole na koyi wasan. Na juya littafin shirin darasi ta baya, na rubuta lambobin kowane kati, na yi musu hadda irin wadda ban yi wa karatun kwaleji ba. A hankali na gane cewa idan kira ba naka ba ne, ba ka fitar da gwaninka. Ka ba da ragon kati a ci, ka adana na kirki. Na koyi ƙirga abin da ya fita da abin da ya rage a hannun abokin wasa. Na kuma lura Baba yana da hali: in zai kira bugu sai ya gyara hula, kuma golan nan ba ya fito da shi sai kira na hannunsa. Ke nan sai na karɓe kiran, na riƙe shi, na tsiyata dattijo har ya rage ba shi da komai sai abin da ke aljihu.

Ga wata wahalar kuma: ba a cin babba da murna. Duk katin da na kwashe sai na sunkuyar da kai na ce, "Sa'a ce, ranka ya daɗe." Na yi sa'ar nan har ta fara ba shi haushi. Yarinyar kuwa ba ta taɓa tambayata ba. Sai dai in na shiga aji ta dubi hannuna, ni kuma in dubi allo.

Ana gobe hutu Allah ya yi. Na riƙe kira sau tara, Baba ya gyara hula har ta gaji. Ya sa yatsu biyu a aljihu ya kifa na ƙarshe. Na ce, "Gudu, ranka ya daɗe." Wallahi na ji daɗin da ban ji ba ranar da aka ba ni takardar kama aiki. Sai da na ɗaga katin daɗin ya tsaya. Kusurwa biyu sun lanƙwashe, ƙyallin ya dushe, jan goro ya zauna daidai fuskar golan. Na goga da bakin riga, na ƙara ɓata shi.

Ranar hutu yara suka yi layi, na raba kati da fuskar alƙali, har da nasiha a kan illar ɓata lokaci. Ita ce ta ƙarshe. Ta rusuna ta karɓa da hannu biyu. Ta juya gaba, ta juya baya, ta daɗe tana kallon jan nan. Na shirya ƙarya uku, ina jiran ta tambaya in zaɓi ɗaya.

Ba ta tambaya ba. Ta ajiye katin a kan tebur, ta tura shi gabana a hankali.

Ta ce, "Malam, ka riƙe kawai. Na ga ka fi ni son shi."

Ta sake rusunawa, ta ɗauki jakarta ta kama hanyar Gwiwa. Na buɗe baki in kira ta, na rasa da wace fuska zan yi.