Sa ɗaya daga wurin suruki

Jikokina da suka yi boko sukan zo su zauna a gabana suna kukan jari. Wannan yana da dabarar sana'a, wancan ma yana da tasa, amma wai masu kuɗi ba sa sauraronsu. Nakan tambaye su, to da kuka je, me kuka ce masu? Sai a fara sosa ƙeya. Ni kuwa dariya ke kama ni, don na san inda suka gado ciwon. A wurin kakansu ne, maigidana, mutumin da ya kusa rasa damina guda saboda ya kasa buɗe baki.

Ƙarshen shekarun saba'in ne, lokacin da takin zamani da sabon irin masara suka shigo ƙasarmu, tsakanin Bakori da Malumfashi. Kowa ya faɗaɗa gona, hannu kuma ya kasa. Da ruwa ya sauka, mai shanun huɗa ba ya samun sukunin shan ruwa, ana binsa har gida ana roƙo. Maigidana ya daɗe yana wannan aiki a ƙarƙashin wani mutum, ƙwadago kawai, a biya shi ya dawo. Ya iya horar da sa tun yana ɗanye. Har garmar shanu ya saya, tsohuwa, ya kai maƙera aka gyara, tana nan jingine a bayan rumbu kaji na hawa kanta. Shanun ne babu. In ruwa ya sauka bai samu ba, sai ya koma ƙwadago, waɗanda suka yi masa alkawarin gonakinsu kuma su tafi wurin wani.

Banki a lokacin ba na irinmu ba ne. Mutum ɗaya muka sani da zai iya, shi ne babana, manomin auduga kuma dattijo a coci, yana da 'yan shanunsa a hannun Fulani. To amma suruki ne. Maigidana bai taɓa haɗa ido da shi ba. In ya hango shi a hanya, tun daga nesa zai sauka daga keke, ya cire takalmi, ya durƙusa a gefe. Mun bar al'adun kakanni da yawa da muka shiga coci, amma kunyar suruki ta bi mu har cikin cocin, ko benci ɗaya ba sa zama.

Duk da haka na tura shi. Ya wanke riga, ya hau keke, ya tafi. Da ya dawo na tare shi a ƙofa.

“To, yaya?”

“Na gaishe shi.”

“Sai kuma me?”

“Ya amsa.”

Haka aka yi ta yi. Yau ya tafi da rake, gobe da ƙwan zabi. Ya durƙusa a bakin zaure, ya tambayi zafi, ya tambayi auduga, ya tambayi mutanen gida, in ya zo kan maganar sai ya ce a huta gajiya. Ran nan haushi ya ci ni na ce, “Malam, gaisuwa za mu ɗaura wa garmar nan ta ja?” Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Sai kuma tausayinsa ya kama ni. Mutum ne da zai tare sa mai faɗa da hannu, amma tsoho guda a kan buzu ya gagare shi.

Ana nan sai innata ta aiko in zo maza. Na iske ta fuska a ɗaure, ta ja ni ƙuryar ɗaki.

“Ke, me kika yi wa mijinki? Babanki ko tuwo ya kasa ci. Mutum ba ya sintiri gidan surukai haka sai da magana mai nauyi. In ƙararki yake son kawowa, faɗa mini tun kafin mu ji a bakin duniya.”

Na yi dariya har da hawaye, sannan na faɗa mata gaskiya. Ta je ta faɗa wa Baba. Ni a zatona magana ta ƙare, saura a je rugar Fulani a kamo shanu. Sai Baba ya kira ni.

“Na ji saƙo. Amma ke za ki riƙe garmar?”

“A'a, Baba.”

“To mai riƙewa shi zo shi faɗa da bakinshi. Mai yi wa mutane huɗa sai ya bi su gida-gida ya karɓi hakkinshi. In ya kasa tambayata, ni da ke ƙaunarshi, ina zai iya da wanda zai ɓuya a bayan rumbu in ya hango shi?”

Na fito raina a ɓace. Gabas ta fara haɗa hadari da yamma, tsoho kuma yana neman a yi masa karatu. Amma a hanya na yi ta juya maganar, na kasa samun inda ya yi kuskure.

A gida na kifa turmi na zauna, na ɗora hular maigida a kaina, na ce to ni ce Baba, faɗi. Ya dube ni ya fashe da dariya, ni ma na kasa riƙewa. Da muka natsu na ce masa, abin da kake so ka faɗe shi tun kafin gaisuwa ta cinye ka. Kada ka yi kukan talauci, ba sadaka ka je nema ba. Ka faɗa masa abin da shi zai samu, don mai dukiya, ko ubanka ne, yana son ya ji yadda abinsa zai dawo.

Ranar da ya koma na bi shi, muka laɓe ni da Inna a bayan zana. Ya durƙusa, fuskarsa na kallon bango, gumi ya jiƙa masa bayan riga. Gaisuwar ta yi tsawo har Inna ta mintsine ni. Can sai muka ji murya kamar ba tasa ba.

“Baba, shanun huɗa nake nema. Garma ina da ita. Shanun naka ne, aikin nawa, abin da aka samu mu raba. In sun yi ƙiba aka sayar, abin da ya hau shi ma mu raba.”

Baba bai nuna ya ji daɗi ba. Ya shiga jero tambaya. Su wa suka yi maka alkawarin gona? Da rani me shanun za su ci? In ɗaya ya kwanta ciwo ana tsakiyar huɗa fa? A nan na ga abin mamaki. Da aka shiga zancen shanu, sai mutumin nan ya manta a gaban wa yake. Ya lissafa manoman unguwa-unguwa, ya faɗi inda ya tanadi harawa da dusa, ya kawo maganar kaska da ciwon kofato, har da ɗaga hannu. Wallahi a ranar na ƙara sonsa.

Da ya gama, Baba ya ce, “Na ba ka sa ɗaya.”

Saura kaɗan in keta zanar. Sa ɗaya! Karkiya wuya biyu gare ta, wa zai sa nasa a ɗaya gefen, ni?

“Ni ko ba ka iya ba, zan ba ka saboda 'yata,” in ji Baba. “Don haka bayarwata ba shaida ba ce. Na biyun ka nemo shi wurin wanda bai haɗa komai da kai ba. In ya ba ka, to ka iya.”

Maigida bai yi fushi ba, ni ce na yi masa. Ya kamo san, fari dogo, ya huda masa hanci, ya shiga koya masa jan gungume safe da yamma. Ranar kasuwar Bakori ya ja shi a ƙasa har can, ba don sayarwa ba. Akwai wani Alhaji mai sayen hatsi daga Funtuwa, yana da babbar gona kusa da mu, kullum cikin neman masu huɗa yake. Maigida ya tsaya a gaban rumfarsa, ya ba san umarni ya tafi, ya tsaya, ya juya, mutane suka taru suna kallo. Sannan ya faɗi buƙatarsa, ya ƙara da alkawarin cewa gonar Alhaji za a fara yi.

Shi ya ba ni labarin sauran. Alhaji ya zagaya san, ya duba haƙora, ya ce, “Wannan wa ya ba ka?”

“Surukina, Alhaji.”

“Wa ka aika ya roƙa maka?”

“Ni na tambaye shi.”

“Da bakinka?” Alhaji ya yi dariya har ya riƙe ciki. “Ni da gemuna har yau ban iya ba. Samari, wanda ya tambayi surukinshi sa, babu mai cinye mashi kuɗin huɗa.”

Alhaji ya sa aka kawo na biyun, ja ne gajere mai taurin kai. Da aka haɗa su a karkiya sai ka ce dogon mutum da ƙaninsa za su kasuwa, yara na binsu suna dariya. Kafin shuka ta isa huɗa dai sun saba da juna.

Sai wata damuwar ta taso mini. Masarar Baba da ta Alhaji lokaci ɗaya suka isa huɗa, ciyawa kuma ba ta jiran kowa. Na ce wa maigida ya saci jiki ya fara da ta Baba, Alhaji yana Funtuwa, ina zai sani? Ya ce a'a. Ya hau keke ya tafi gidanmu, ban tura shi ba, ban kuma koya masa abin faɗa ba. Inna ta ce a bakin zaure ya durƙusa ya ce, “Baba, gonarka sai na gama ta Alhaji. Alkawari na yi.” Baba ya ce, “Da ka fara da tawa, da na karɓe abina.”

Washegari na kai wa su Baba abinci gona. Na iske shi da ƙannena sun duƙa suna huɗa da hannu, tsoho da furfurarsa, ƙafafu duk laka, alhali sansa na can zai yi wa wani aiki. Abin ya tsaya mini a rai. Ana haka sai ga maigida ya biyo hanya da shanun, an ɗora garma a kan karkiya, za su gonar Alhaji. Wani mai wucewa da jaki ya tsaya yana kallo, ya ce, “Kai, waɗannan shanun na wane ne?”

Baba ya miƙe a hankali, ya dafe ƙugu, ya share gumi da bayan hannu, ya bi su da kallo har suka sha kwana.

“Na surukina ne,” ya ce.