Abdussalami da Injin Jarrabawa

Abdussalami, Allah ya jiƙansa, ya rasu bara bayan ya yi shekara ashirin da shida yana kula da injinan da ke jawo ruwa daga kogi zuwa gonakin ƙauyenmu, kudu da garin Sinja. A takarda shi mai gadi ne, albashin mai gadi yake ɗauka. Amma in inji ya canza murya, shi ake kira. Sai ya dafa ƙarfen da tafin hannu, ya karkata kai kamar uwa mai sauraren numfashin jariri, ya ce, "Ku kashe shi yanzu." Karatunsa bai wuce aji uku ba. Injiniyoyi matasa sun zo da shahadarsu ta kammala karatu, sun koyi aiki a hannunsa, suna ce masa usta, wato gwanin sana'a, suna karɓar ninkin abin da yake samu.

Wata shekara aka ce za a yi jarrabawar makanikai a Sinja, ta hannu ba ta rubutu ba. Wanda ya ci za a ba shi shahada, a ƙara masa albashi. Matarsa Dije ta tsaya a kansa.

"Ni da furfura, in jeru da 'ya'yan cikina?" in ji shi.

"Malam, furfurar ce za ta saya mana kwanon rufi? Bana ma a cikin ruwa muka kwana."

Haka ya tafi. Aka ba kowa inji guda wanda aka ɓata da gangan a wuri ɗaya, aka ce sa'a guda. Kafin sauran su gama zaɓen sifana, Abdussalami ya gano bututun man da aka toshe, ya tada injin. Ɗaga hannu kawai ya rage masa don a san ya gama. Sai ya ji wani ɗan ƙwanƙwasa can ciki, wanda masu jarrabawar ma ba su san da shi ba. Ya naɗe hannun riga, ya fara kwancewa.

Mai sa ido ya taho da sauri. "Ya hajji, ai ka gama! Bar shi haka."

"Wanga inji ba shi da lafiya, ɗana. Ba zai kai wata guda ba."

"To naka ne?"

"Yana hannuna dai."

Sai da ya ƙara sa'a biyu kafin ya mayar da komai. Lokaci ya wuce, sunansa bai fito ba. Da aka sake yin jarrabawar, shekarunsa sun haura waɗanda ake karɓa.

Ranar da ya dawo, Dije na bakin ƙofa tana jira.

"An dace?"

"Ba a dace ba," ya ce, yana wani murmushin jin kunya. "Amma Dije, da kin ji yadda injin ya tashi!"

Sai ta juya ta ɗora masa shayi.