Goggo Winnie, Wadda Aka Ce Ta Tafi Ireland

Tun ina ƙarama, a gidanmu ba a tashi daga addu'ar yamma sai an ambaci Goggo Winnie. Kakata Marcella ce ke jan addu'ar, tana riƙe da carbinta, in ta zo ƙarshe sai ta ce, "Da 'yarmu Winnie da ke bautar Allah a Ireland," mu kuma mu ce amin. Iyakar abin da muka sani ke nan. Yayar babana ce, ta hau jirgin ruwa tana da shekara ashirin, ta zama sista a ƙasar kakanninmu, a irin gidan sistocin nan da ba sa fita, ba sa aiko wa kowa saƙo.

Mu dangin Tormey makiyayan tumaki ne a karkarar Carmen de Areco. A nan Ajantina aka haifi kakana Barney, amma har ya koma ga Allah bai taɓa ɗaukar kansa ɗan ƙasar ba. Turanci ake yi a gidansa, a sha shayi da madara, in aure ya tashi a nemi ɗan gidan Gaynor ko 'yar gidan Kenny. Sauran jama'a kuwa 'yan ƙasa yake ce musu. Yakan ɗauke su aiki in lokacin aske wa tumaki gashi ya zo, su ci abincinsu a rumfa, ba mai taka masa falo.

Babana Dinny shi ne auta. Bai gaji kiwo ba, babbar mota ya saya yana kai dabbobin mutane kasuwa, da sunansa rubuce a jikin ƙofar. A shekarar 1978, lokacin ina koyarwa a makarantar firamare, ya ɗauki tumaki zai kai wajen garin Chacabuco. Ruwan sama ya ɓata babbar hanya, ya ratse ta wata hanyar ƙasa da bai taɓa bi ba, injin ya ɗauki zafi a wani ɗan ƙauye. Ya sauka ya shiga shagon da ke bakin hanya neman ruwa.

Mai shagon wata dattijuwa ce kakkaura mai furfura. Da Sifaniyanci suka gaisa, ta nuna masa famfo. Yana cika bokiti sai wani kare ya lallaɓo ya sa baki a kwandon burodi. Matar ta ɗauki tsintsiya ta bi shi tana zaginsa da Turanci, irin Turancin gidanmu sak.

"Fita, ɗan banza, ƙuma ta cinye ka!"

Baba ya ce nan take ya gane zagin, don da shi Kaka ke korar karnukanmu. Ya yi dariya ya tambaye ta da Turanci ko ita 'yar wane gida ce. Maimakon ta amsa, sai ta leƙa waje ta tsura wa ƙofar motar ido.

"Wane Tormey ɗin?" ta ce.

"Dinny, ɗan Barney na Carmen."

"Dinny mai tsoron talotalo?"

Baba ya ajiye bokitin. "Baiwar Allah, ke wace ce?"

"Yayarka ce, sakarai. Ni na yi rainonka, ni na riƙa wanke maka wando."

"Yaya Winnie? Ai kina Ireland!"

"Ireland kuma? Ni da ko teku ban taɓa gani ba?"

Ya gaya mata abin da aka gaya mana. Ashe ba ta taɓa jin labarin ba. Ta yi dariya har ta zauna a kan buhun fulawa, ta ƙwala wa mijinta kira. "Eusebio, zo ka ji! Ashe sista ka aura ba ka sani ba!" Wani siririn tsoho ya fito daga bayan shago yana goge hannu, ya saurara, ya ce to shi dai bai taɓa jin sista mai 'ya'ya biyar ba. Daga nan dariyar ta tsaya mata. Ta ce mutuwar mahaifinsu ta ji ta a bakin wani mai sayen fatu, shekaru bayan an binne shi. Sannan ta ce, "Mama fa?" Baba ya ce tana nan da ranta, da sandarta, da bakinta.

A ranar ta ba shi labarin, tumaki na ta kuka a mota. Eusebio Ledesma yana cikin masu askin tumakin da suka zo gonar kakana a 1938. Ita ke kai musu abinci rumfa, a nan suka saba. Da shekara ta zagayo ya dawo, ita da kanta ta faɗa wa ubanta a kan teburin cin abinci cewa shi za ta aura. Barney bai ɗaga murya ba. Ya ce mata in ta fita da mutumin nan, ta fita ke nan. Ta ɗauki akwati ɗaya ta hau keken dokin mai madara, aka ɗaura musu aure a cocin wani gari inda limamin cocin bai san kowa nata ba. Baba na da shekara shida a lokacin, abin da aka faɗa wa maƙwabta a bakin coci shi aka faɗa masa.

Sau ɗaya ta koma, da ta haifi 'yarta ta fari. Ta tsaya a bakin shinge da jaririya a hannu, Barney ya aiko ɗan aiki ya ce mata ba su san mai wannan suna ba. Ba ta sake zuwa ba. Eusebio ya ci gaba da aski da gyaran shinge, ita tana gasa burodi tana sayarwa ta taga, har tagar ta zama shago. 'Ya'yanta biyar duk sun girma, ba wanda ta koya wa Turanci ko kalma ɗaya. Tsakanin shagon da gidanmu, tafiyar da ba ta kai ta rabin yini ba ce a mota.

Da Baba ya dawo ina kicin tare da Kaka, tana feren dankali. Ko hula bai cire ba ya ce, "Mama, na ga Winnie."

Wuƙar Kaka ba ta tsaya ba. "Ta yi ƙiba?"

"Mama, kin san inda take?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

Baba mutum ne mai sanyi, ban taɓa jin ya yi wa uwarsa tsawa ba sai ranar. Ya ce ta sa shi durƙuso yana yi wa ƙarya addu'a tun yana yaro, ta sa 'ya'yansa ma. Ya ce in tsoron mijinta take ji, ai mijin ya kusa shekara ashirin a ƙasa. Kaka ta bari ya gama, ta jefa dankalin a ruwa.

"Da ubanka na da rai, tsoronsa nake ji," ta ce. "Da ya mutu sai na ga kunyarta ta fi tsoron nasa nauyi. In je in ce mata me? Ranar da ta zo da jaririya ina tsaye a tagar can ina kallonta, ban fita ba."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce in ɗora ruwan zafi, da yamma kuma ta ce ciwon kai take yi, kowa ya yi addu'arsa a ɗakinsa.

Ranar Lahadin da ta biyo Baba ya je ya ɗauko Goggo da mijinta. Eusebio ya sa rigarsa ta zuwa coci, amma da suka iso bakin shinge ya ce shi a nan zai jira, ya tsaya a gindin bishiya da hularsa a hannu. Goggo Winnie ta shigo ta ƙofar kicin ba sallama, kamar wadda ta je tsinkar ganye ta dawo. Suka kalli juna ita da Kaka.

"Kin tsufa," in ji Kaka.

"Ke kuma kin ƙanƙance, Mama."

"Zauna ki sha shayi."

"Ba zan zauna ba mijina na waje."

Kaka ta juya wajen Baba ta ce ya je ya shigo da shi. Goggo ta ce, "Ai ba Dinny ne ya hana shi shiga ba."

Kaka ta daɗe tana kallon teburi, sannan ta lalubi sandarta ta miƙe. Na tashi zan riƙe ta, ta ture hannuna. A hankali ta taka har bakin shingen, mu muna biye daga nesa. Da gurguwar Sifaniyancinta, wadda da ita take ciniki da mahauci kawai, ta sa masa Don, laƙabinsu na girmamawa, ta ce, "Don Eusebio, ka shigo, shayi zai huce."

Ya ɗan rusuna ya ce, "Doña Marcella, ni ba mashayin shayi ba ne, amma yau zan daure."

Ba wai daga ranar komai ya gyaru ba. Baffa Lorenzo, wan babana, wanda ya san gaskiya tun yana saurayi, ya ce shi ba zai zauna teburi ɗaya da su ba, kuma har ya mutu bai zauna ɗin ba. Goggo ma ba ta taɓa cewa ta yafe ba. Baba ya yi mata tayin kai ta kabarin mahaifinsu, ta ce ta gode, ƙafarta na ciwo. Amma ta riƙa zuwa, wani lokaci da jika ɗaya ko biyu, su wuni ita da Kaka suna gardama a kan gishirin burodi da wanda ya auri wa a shekarun da ba ta nan. Wata rana na ji Kaka ta tambaye ta sunan jaririyar nan ta bakin shinge. Goggo ta ce Ramona, kuma yanzu ita ma ta kusa aurar da 'ya.

Kaka ta rasu bayan shekara uku. Goggo ce ta yi jinyarta a watannin ƙarshe, ita ta yi mata wanka ta sa mata sutura. A wajen jana'iza wata tsohuwa daga gidan Gaynor, wadda ko dai ta manta ko neman magana take, ta kama hannunta ta ce, "Sista, yaya kika baro Ireland?" Goggo ta ce, "Lafiya lau, sai dai yawan ruwan sama," ta wuce ta ci gaba da raba shayi.

Da Eusebio ya rasu ta riƙe shagon ita kaɗai har gwiwoyinta suka gaza, sannan ta koma wajen Ramona a Chacabuco. Nakan je mata lokacin hutun makaranta. Ta fi son in zauna mu yi Turanci, don ta ce harshenta ya yi tsatsa, kuma a gidan ba mai gane zaginta. A 1994 ta rasu. Baba ya so a kawo ta Carmen kusa da Kaka, amma ta riga ta faɗa wa 'ya'yanta inda take so, aka binne ta kusa da mijinta a maƙabartar ƙauyensu. Shagon yana nan, jikanta ne ke ciki, ya ƙara da sayar da kayan gyaran babur.